Kwamfuta ta yi afdet, intanet ɗin kebul ya ɗauke: bi sawun matsalar kafin ka ce a yi fomat

Ranar wata Laraba, ko ƙarfe tara ba ta yi ba, wani Alhaji mai shagon buga takardu a Zoo Road ya kira ni. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, taho da filashinka, babbar kwamfutar nan fomat kawai za ka yi mata. Jiya da daddare ta yi afdet, yau ga kebul a jikinta amma ta ce babu intanet." Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin mutane da ke ciki fa?" Sai ya yi shiru. A cikinta furojet ɗin ɗalibai yake, da katunan biki, da fom-fom na shekara da shekaru, kuma ita ce firinta ke jone da ita.

Mun mayar da fomat maganin kowace cuta. Kwamfuta ta yi tari, fomat. Ta yi atishawa, fomat. Ga shi a wannan matsalar sau da yawa garin neman gira ake rasa ido: ka goge komai, ka sake ɗora Windows, sannan ka tarar da sabon ma bai ga netwok ba, don tun farko ba a nan cutar take ba.

Afdet wanda ake zargi ne, ba wanda aka kama dumu-dumu ba. Wani lokaci shi ne ya yi ɓarnar, wani lokaci kuwa wucewa kawai ya yi ta wurin ranar da abin ya faru. Microsoft na fitar da sabuntawar wata-wata ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma a agogon Kano wajen magariba take fitowa, shi ya sa kiran gaggawa ya fi yawa safiyar Laraba da Alhamis. Duk abin da ya lalace a waɗannan ranakun, ko ɓera ne ya ci kebul, afdet za a ɗora wa. Don haka daga ƙasa za mu faro, daga abin da hannu ke taɓawa, mu hau sama a hankali. Sharaɗi ɗaya zan gindaya maka: abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, ka gwada, sannan ka wuce. In ka canja biyar tare ya gyaru, ba ka san wanne ya yi aikin ba, watan gobe kuma ka koma gidan jiya.

Kafin ka taɓa maus

Tambayar farko: kwamfutar nan kaɗai ce, ko kowa? Ɗauki wayarka, kashe datar layinka, ka hau Wi-Fi ɗin rautar wurin. In ita ma ba ta buɗe komai ba, ka bar jaki kana dukan taiki: ko data ce ta ƙare, ko rauta ta rikice, ko kamfanin da ke ba ku intanet ne ke da matsala. Cire rautar daga wuta, ƙirga talatin, ka mayar, ka ba ta minti biyu ko uku ta farfaɗo.

In sauran na aiki, zagaya bayan kwamfutar ka durƙusa. A bakin ramin da kebul ke shiga akwai 'yan fitilu biyu ƙanana. Launinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kada ka damu da wannan. Abin dubawa shi ne ko suna kunne, ko ɗaya na ƙiftawa. Wasu laftof sirara ba su da fitilar sam, sai ka duba ta jikin rauta ko suwic (akwatin nan mai ramuka da yawa da ke raba kebul), daidai lambar ramin da kebul ɗinka ya shiga. Fitila a kashe na nufin ƙarafan biyu ma ba su ga juna ba, balle a yi zancen intanet.

Zare kebul ɗin ka mayar har ka ji ya yi ƙas. Wannan ɗan harshen robar da ke kan kan kebul, da zarar ya karye, mai shara ya goga tsintsiya kaɗan ya isa ya sassauta shi, a ido kuwa kamar yana ciki. Hura ramin, musamman in lokacin hunturu ne, don ƙurar Kano ba ta raina rami. Canja rami a jikin rautar. Sannan ka ciro kebul ɗin wata kwamfutar da ke aiki yanzu-yanzu ka gwada da shi, ba wanda ka tono daga ƙasan durowa ba.

A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi 8. Gudun megabit 100 guda 4 kawai yake amfani da su, na gigabit kuwa sai duka takwas ɗin sun cika. Shi ya sa kebul mai rauni kan yi shekara yana lallaɓawa, sai ranar da sabon direba, wato manhajar da ke tuƙa katin netwok, ya zo ya nemi cikakken gudu, abin ya tsaya. A nan afdet bai ɓata komai ba, asirin kebul ya tona. Haka ma in tsawonsa ya haura mita 100, ko irin mai arahar nan ne da cikinsa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ko an bi da shi ta kan kwano ya sha ranar Afrilu har robarsa ta bushe.

Yanzu sai kashewa da kunnawa, amma akwai kashewa akwai kashewa. A Windows 10 da 11, idan ka danna Shut down, yawanci ba mutuwa kwamfutar take yi gaba ɗaya ba. Akwai wani tsari mai suna Fast Startup da ke adana halin da direbobi suke ciki don ta yi saurin tashi gobe, wato da ruɗewarta take kwana da ita take tashi. Restart shi ne ke tayar da komai sabo. Danna shi. In bai yi ba, sai ka zubar mata da ragowar wuta: kashe ta, zare wayar wuta daga bayanta, zare kebul ɗin netwok, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da komai. Katin netwok na samun 'yar wuta ko kwamfuta na kashe muddin tana jone da soket, don haka in ya sanƙare, sai an yanke masa wutar ɗungurungum yake sakin jiki.

A shagon Alhaji a nan zance ya ƙare. Da na matsa wa yaron shagon da tambaya, sai ya ce, "Wallahi Oga, tana cikin juya ɗigo-ɗigon nan aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai." Ta mutu ana tsakiyar aiki, da safe ta ƙarasa abinta, amma katin ya tsaya cak. Na danne maɓalli rabin minti, na mayar da waya, fitila ta kama ƙiftawa. Alhaji ya dube ni ya ce, "Shi ke nan? To wannan nawa za a ba ka?" Na ce kuɗin Adaidaita Sahu da na shayi sun wadatar.

Me Windows ɗin da kansa yake cewa?

Ba kowa ke dacewa irin na Alhaji ba. Danne maɓallin Windows tare da R, a ɗan akwatin da ya fito ka rubuta:

ncpa.cpl

Za ka ga katunan netwok ɗin da kwamfutar ta sani. Nemi mai suna Ethernet, don abin da ke rubuce a ƙarƙashinsa shi zai nuna maka hanyar da za ka bi. In ya yi fari-fat an rubuta Disabled, danna shi da ɓangaren dama na maus ka zaɓi Enable, ka gode wa Allah. In babu shi kwata-kwata, ko akwai jan kuros da Network cable unplugged alhali ka tabbatar kebul lafiya lau yake, maganar direba ce. In Unidentified network ka gani, ƙarafa sun gaisa amma kwamfutar ba ta sami adireshi ba, sai ka tsallake zuwa sashen adireshi.

Direba: inda aka fi samun mai laifi

Direba a nan ba na mota ba ne, ko da yake aikin kusan ɗaya ne: 'yar manhaja ce da ta san yadda ake tuƙa wani ƙarfe a cikin kwamfuta. Windows ba ya magana da katin netwok kai tsaye, sai ta bakinsa. Afdet kan sauke tsohon direba ya ɗora sabo, kuma ba kullum sabon ke jituwa da katin ba, musamman a kwamfutocin hannu da suka cika ofisoshinmu. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da yawa suka tura Windows 11 kan injinan da ba su cika sharuɗɗansa ba. A ƙa'ida yana son ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Wanda ya bi ta bayan gida ya ɗora shi a kan tsohuwar inji, ya sa a ransa kowane babban afdet zai iya zo masa da sabon salo.

Danna ɓangaren dama na maus a kan maɓallin Start, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Network adapters. Nemi suna mai ɗauke da Ethernet, ko GbE, ko Family Controller. Waɗanda aka fi gani a nan su ne Realtek PCIe GbE Family Controller da Intel Ethernet Connection I219. Duk mai Wireless ko Wi-Fi a sunansa ba shi muke nema ba.

In akwai alamar motsin rai a cikin ɗan alwatika ruwan ɗorawa, buɗe shi ka karanta lambar. Code 10 na nufin katin ya kasa tashi, Code 43 na nufin Windows ya dakatar da shi don ya kai ƙarar matsala, Code 28 kuwa babu direba ma sam. Wani lokaci ba za ka same shi a wannan layin ba, sai can ƙarƙashin Other devices da sunan Ethernet Controller kawai, kamar baƙon da ba a san sunansa ba.

Gwajin farko shi ne dawo da tsohon direba. Shiga Properties, sai shafin Driver, ka danna Roll Back Driver. Zai tambaye ka dalili, zaɓi ko wanne, ka yi Restart. Idan afdet ne da gaske ya canja direban, wannan kaɗai kan kashe wutar.

In maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, kada ka karaya, tsohon kan iya kasancewa a ajiye. Danna Update driver, sai Browse my computer for drivers, sai Let me pick from a list. Sau da yawa za ka ga biyu ko uku masu suna iri ɗaya. Zaɓi wanda ba shi ke kai ba ka gwada, in bai yi ba ka gwada ɗayan.

Bayan wannan sai Uninstall device. A nan ka buɗe ido: akwai ɗan akwati da ke cewa a goge direban gaba ɗaya. Kada ka yi masa alama sai in kana da wani a filashi. Cire katin kawai, ka je Action a sama ka danna Scan for hardware changes, Windows zai sake gano shi kamar yau ya fara ganinsa.

In duk ba su yi ba, sai an sauko da direba daga waje. To ga tsaka mai wuya: intanet ake nema don a gyara intanet. Mafita tana aljihunka. Jona wayar Android da kwamfutar ta kebul ɗin caji mai ɗaukar data, ka shiga saitin hosfot na wayar ka kunna USB tethering. Kwamfutar za ta hau datar wayarka nan take. Amma kafin ka yi haka, shiga Windows Update ka danna Pause updates, in ba haka ba kana neman direba mai 'yan megabait, shi kuma yana can yana zuƙe maka gigabait a ɓoye.

Je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar samfurin da ke manne a jikinta, ka sauko da direban LAN. In haɗin gambiza ce da babu lamba, ga dabara: a Properties na katin, shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. In ka ga VEN_10EC na Realtek ne, VEN_8086 na Intel, VEN_14E4 na Broadcom. Lambar da ke bin DEV ita ce ainihin samfurin. Ni dai ba na ba kowa shawarar manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya. Ka kira su gyaran ƙofa, su sauya maka rufin ɗaki.

Akwai kuma nau'in da ya fi cin rai: yana kamawa yana saki, ko yana aiki sai kwamfuta ta yi barci ta farka ya ɓace. Sabon direba kan zo da saitin tsimin wuta a kunne. A Properties, shafin Power Management, cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. A shafin Advanced, kashe Energy-Efficient Ethernet, da Green Ethernet in akwai. Tsofaffin suwic da rautoci ba duka ke fahimtar wannan tsimin ba. A nan ne kuma za ka ga Speed & Duplex. Mayar da shi 100 Mbps Full Duplex don gwaji kawai: in fitila ta kama nan take, kebul ɗinka ne ke da waya a tsinke. Canja kebul, ka mayar da saitin Auto Negotiation, kada ka bar shi a ƙulle.

In katin bai bayyana ko'ina a Device Manager ba, har bayan ka danna View ka zaɓi Show hidden devices, leƙa BIOS, wato saitin injin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi. Windows Update kan kawo sabuntawar BIOS ma, saiti kuma kan iya komawa na asali. A HP yawanci F10 ake dannawa lokacin tashi, a Dell F2, a Lenovo F1 ko F2. Nemi Onboard LAN ko Integrated NIC ka tabbatar a kunne yake. Hattara ɗaya: in faifanka na kulle da BitLocker, makullin da Windows ke rufe faifai da shi, tanadi mabuɗin nan mai lambobi 48 kafin ka taɓa komai a can, don yana iya tambayarka, kuma babu wani gwani a kasuwar waya ta Farm Centre da zai buɗe maka in babu shi.

Adireshi

Fitila na ƙiftawa, direba lafiya, amma shiru. Rubuta cmd a wurin bincike, ka zaɓi Run as administrator, a baƙin allon ka rubuta:

ipconfig /all

Gangara zuwa Ethernet adapter ka dubi IPv4 Address. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura adireshi, kamar mai unguwa na raba lambar gida. In ka ga abin da ya fara da 192.168 ko 10, an ba ta. In kuwa 169.254 ka gani, ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta laƙa wa kanta lamba, lambar da ba ta kai ta ko'ina. Sake roƙa mata:

ipconfig /release
ipconfig /renew

In ta tsaya tana jira har ta ce lokaci ya ƙure, koma ncpa.cpl, Properties na Ethernet, ka buɗe Internet Protocol Version 4. A gida da ƙananan shaguna ya kamata ya kasance a kan Obtain an IP address automatically. Amma a ofis, makaranta ko asibiti, ana iya samun wanda aka rubuta da hannu, kuma babban afdet ko sake ɗora direba kan share shi. Dubi kwamfutar maƙwabcinka da ke aiki: in nata a rubuce yake da hannu, naka ma haka ya kamata. Kada ka kwafe nasa ɗungurungum, lambar ƙarshe dole ta bambanta, in ba haka ba ku biyun duka za ku rasa. Tambayi mai kula da netwok ɗin wurin wace lamba ce taka.

Idan adireshi ya samu, sai mu ga iya inda saƙo ke kaiwa. Dubi lambar Default Gateway, ita ce rautar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ƙwanƙwasa mata, sannan ka ƙwanƙwasa waje:

ping 192.168.1.1
ping 8.8.8.8
ping google.com

A layin farko ka sa lambar taka rautar. In ita ta amsa amma 8.8.8.8 bai amsa ba, kwamfutarka ta fita daga zargi, matsalar daga rauta zuwa waje take. In lamba ta amsa amma suna bai amsa ba, DNS ne, wato mai fassara suna zuwa lamba. Rubuta ipconfig /flushdns, in bai wadatar ba ka sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare da hannu a wurin DNS. In duka ukun sun amsa amma burauza ta ƙi, duba Proxy a saitin Network & internet ka kashe wanda ba kai ka sa ba. Ka kuma kalli agogon kwamfutar. Tsofaffin injinan tebur da ɗan batirinsu CR2032 ya mutu kan koma wata shekara can baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma da kwanan wata na bogi shafuka masu tsaro ba za su buɗe ba.

Kada ka manta da VPN da manhajar kashe bairos wadda ba ta Windows ba. Suna dasa nasu shingen a kan katin netwok, sabon Windows ya zo, tsohon shinge ya toshe hanya. Kashe su daga allo bai cika isa ba. Cire su gaba ɗaya ka gwada, daga baya ka ɗora sabon zubi.

Share fage

In har yanzu shiru, a baƙin allon nan ka rubuta waɗannan, ka yi Restart:

netsh winsock reset
netsh int ip reset

Babbar tsintsiya kuwa ita ce Network reset. A Windows 11 tana Settings, Network & internet, Advanced network settings. Tana cire katunan netwok duka ta mayar da su sabbi, kwamfutar ta sake tashi bayan minti 5. Tana aiki, amma ba ta san na gida ba: kalmomin sirrin Wi-Fi, saitin VPN, adireshin da aka rubuta da hannu, duk sharewa take.

Na san haka ne don ta taɓa ci na. A ofishin wata makaranta a Gwale, ina sauri in kama sallar Juma'a, na danna ta ban ɗauki hoton komai ba. Intanet ya dawo, na yi murna, na fito. Ina alwala waya ta yi ƙara: "Malam, manhajar sakamakon jarrabawa ta daina buɗewa a sauran kwamfutocin." Ashe wadda na taɓa ita ce uwar, sauran ta lambarta suke nemanta, ni kuma na share lambar. Wanda ya haɗa musu tsarin ya bar garin tuntuni. Sai bayan la'asar na tono lambar daga saitin wata kwamfutar. Tun ranar, kafin in taɓa komai sai na ɗauki hoton ipconfig /all da na shafin IPv4 da wayata.

Af, ga wani abin da ke biyo baya. Intanet ya dawo amma firintar da ake rabawa ko jakar aikin ofis ta ɓace. Duba Properties na Ethernet a Settings: bayan share fage Windows kan mayar da netwok ɗin Public, wato ya ɗauke ka kamar kana tashar mota, ya ɓoye ka daga kowa. Mayar da shi Private. Kuma daga zubin 24H2 na Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2024, an tsaurara dokar shiga jakar da aka raba ba tare da suna da kalmar sirri ba. Gyaran da ya fi shi ne ka buɗe asusu mai kalmar sirri a na'urar da ke rabawa, ba ka rushe katangar ba.

Sai yanzu za a kama afdet ɗin

Ka ga sai a nan muka iso gare shi. In ƙaramin na wata-wata ne, shiga Windows Update, Update history, Uninstall updates. Kowanne na da lamba mai farawa da KB da ranar da ya shiga. Cire wanda ranarsa ta yi daidai da fara ciwon. In babba ne, wanda ya canja zubin Windows ɗin ɗungurungum, je Settings, System, Recovery, ka danna Go back. Kwana 10 kacal gare ka, kuma in wani mai son gyara ya goge jakar Windows.old don neman fili, ƙofar ta rufe tun kafin lokacin.

Da ya dawo daidai, dakatar da afdet. Windows na ba da dama har mako 5. Ban yarda da masu kashe shi har abada ba; kwamfutar da filashin ɗalibai hamsin ke shiga kullum, in ba ta samun facin tsaro, wata ranar abin da zai same ta ya fi rashin intanet. Jinkiri ake yi har gyara ya fito, ba saki uku ba.

Masu Ubuntu

Ɗalibanmu na BUK da masu ajiye saba (server) da ke amfani da Ubuntu, wani nau'in Linux, maimakon Windows, sun san nasu salon. A nan sabon kanel, wato zuciyar tsarin, ne ke zuwa babu direban katin. Lokacin tashi ka danne Shift, ko ka danna Esc a sababbin injina, har allon zaɓin tashi mai suna GRUB ya fito. Zaɓi Advanced options for Ubuntu, ka hau tsohon kanel, wanda lambarsa ke ƙasa da ta na sama. In netwok ya dawo, ka gano mai laifi. Waɗannan biyun, in ka rubuta su a Terminal, za su nuna maka sunan katin da direban da ke riƙe da shi:

ip link
lspci -nnk

Sau da yawa kunshin linux-modules-extra na sabon kanel ɗin ne bai sauka ba, don data ta yanke ko faifai ya cika. Daga tsohon kanel sai ka sauko da shi. Masu katin Realtek kuma su duba tsakanin r8169 da ke zuwa da kanel da r8168 da ake ɗorawa daban. Wani lokaci ma sunan katin ne ya canja, daga enp2s0 zuwa enp3s0 misali, fayil ɗin da ke /etc/netplan kuwa yana ta kiran tsohon suna. Gyara sunan, ka rubuta sudo netplan apply.

In katin ne ya ƙone

Akwai gwajin da ke raba gardama. Tayar da kwamfutar daga filashi mai Ubuntu ba tare da ka ɗora shi ba, ka sa kebul mai kyau. In a can ma fitila ba ta kama ba, Windows ba shi da hannu, fomat goma ba zai yi komai ba. Da damina wannan ba baƙon abu ba ne: tsawa kan biyo kebul ɗin da aka ja ta waje daga wani gini zuwa wani, ta ƙone ramin kaɗai ta bar sauran inji lafiya.

Ba sai ka canja uwar allo ba. Akwai ɗan adafta mai USB a gefe ɗaya da ramin kebul a ɗaya gefen, ana samu a Beirut Road da Farm Centre. Nemi na USB 3.0 mai gigabit, ka je da laftof a gwada maka a gabanka kafin ka biya. Injin tebur kuwa ana iya soka masa katin PCIe a ciki, ya fi zama daram.

Ranar da komai ke aiki, ba a fafe gora ranar tafiya: sa filashi, buɗe jaka a ciki mai suna direbobi, ka buɗe baƙin allon nan da ikon administrator ka rubuta wannan, kana mai sauya E da harafin filashinka:

pnputil /export-driver * E:\direbobi

Zai kwafe direbobin da aka ɗora wa injin. In wani afdet ya sake sauke na netwok, a Browse my computer for drivers sai ka nuna masa wannan jakar. Filashin Alhaji yana cikin durowar kuɗi, ɗaure da kyauro, adireshin kowace kwamfuta kuma na rubuta a farin salatif na manna a ƙarƙashin teburinta.